Kafin ka sayar da bijimi ka sayi moto

Bayan girbin bana ɗan wana ya same ni gida da maganar moto. Ya sayar da bijimi guda da raguna biyu, kuɗin na ɗaure cikin aljihu, kuma ya riga ya gama shawara da zuciyarsa. Dogon moton nan na ma'aikatan furoje yake so, mai taya mai haƙora, wanda in ya ratsa ƙauye yara ke bin ƙurarsa da gudu. Ya ji labarin wani na hannu da ake sayarwa a Maraɗi. Yaron nan bai taɓa tuƙa komai ba in ban da keke da amalanken shanu. Ya ce, “Baba, ka raka ni mu ɗauko shi ranar Lahadi.” Na ce masa ya zauna tukuna.

Abin da na gaya masa ran nan shi zan maimaita a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne. Daga Gidan Runji zuwa Cadawa, daga Agiye zuwa Gazawa da Gangara, da wuya ka zauna taron ƙungiyar makiyaya bayan kaka a tashi ba a tayar da maganar moto ba. Wasu suna so su saya wa yaron da ke yi musu allurar bisashe, wasu don kai nono gari, wasu don zirga-zirga tsakanin gida da garke. Ra'ayina shi ne: wanda bai iya tuƙi ba tukuna, kada ya fara da dogon moton daji. Ya sayi wanda in ya zauna kansa tafin ƙafafunsa biyu suna taka ƙasa, wanda in ya faɗi zai iya tayar da shi shi kaɗai, wanda kuma bakaniken kasuwar ƙauyensu ya san cikinsa.

Ba ina hana sayen moto ba ne. Wanda ya taɓa yin aikin lafiyar dabbobi da ƙafa ko da keke ba zai ce haka ba. Tun da aka fara tsarin likitan dabbobi mai zaman kansa na kusa da makiyaya, wanda ake kira SVPP, a Dakwaro cikin 2003, ginshiƙin aikin shi ne mataimakan da ke zaune cikin ƙauyuka da rugage, waɗanda ake kira da waya su zo. Saniyar da ta faɗa wa gyauron dawa cikinta ya kumbura ba ta jiran gobe. Akuyar da naƙuda ta gagare ta ba ta jiran ranar kasuwa. Maganin rigakafi kuwa ya fi kowa gajen haƙuri: yawancinsa yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma na ciwon huhun shanu da na annobar awaki da tumaki, wato PPR, da zarar an haɗa shi da ruwansa sai a yi aiki da shi nan take. A watan huɗu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowace awa da ka ƙara a hanya ƙanƙarar akwatinka ce ke biya. Don haka moto kayan aiki ne, kamar sirinji. Amma kayan aikin da ya fi ƙarfin hannun mai shi, ɓarna yake yi.

Na san haka ne da jikina. Shekarun baya, lokacin da nake sabon shiga wannan aiki, wani furoje ya ba mu motoci dogaye. Kwana biyu aka koya mana tuƙi a fili mai tauri bayan gari, aka miƙa mana makullai. Ni ba dogo ba ne. In na tsaya sai na karkata gefe ɗaya, da yatsun ƙafa nake dogarawa. Amma wa zai ce a ba shi ƙarami alhali an ba shi babba? Mako na uku na ɗaure akwatin sanyi a baya, na nufi wani ƙauye da aka yi wa shela cewa mata su fito da awakinsu da hantsi. Hanyar ta bi ta cikin Gulbin Kaba, inda rairayi ke kwance tsakanin kututturan goriba. Da na ji tayar gaba ta fara rawa sai tsoro ya kama ni, na saki totur, na damƙe birkin gaba. Abu biyu ke nan da ba a yi cikin rairayi, na haɗa su lokaci guda. Na kai ƙafa in dogara, ƙafar ba ta iske ƙasa ba.

Moton ya kwanta mini a ƙafar dama, salansa ta manne a ƙaurina. Murfin akwatin ya buɗe, kwalabe suka watse cikin rairayi mai zafi, wasu suka fashe. Na kasa zare ƙafar, na kasa ɗaga moton, sai da wani bawan Allah mai amalanke ya iso ya janye mini shi. Tabon yana nan har yau, amma ba shi ya fi yi mini ciwo ba. Matan can sun tsaya da awakinsu har azahar, ba su kai su kiwo ba, ba su ga kowa ba. Da na koma bayan kwana goma da sabon magani, rabin waɗanda suka fito da farko ma ba su fito ba. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, “Malam, ai mun ɗauka irin alkawarin nan ne.” Na shekara ina gyara wannan magana.

Shi ya sa nake farawa da tsayin kujera. Moton daji irin Yamaha XTZ 125 kujerarsa tana kai santimita 84 daga ƙasa. An ɗaga shi haka da gangan, don kada cikinsa ya riƙa dukan kututture da duwatsu, kuma tayarsa ta gaba inci 21 ce don ta haye rami cikin sauƙi. Ga wanda ya ƙware wannan alheri ne. Ga sabon hannu, wanda a watanninsa na farko zai tsaya ba shiri sau da yawa a yini, don jaki ya gitta, don amalanke ya tare hanya, don giya ta kuɓuce masa, tsayin nan shi ne ramin da zai faɗa. Ƙara masa akwatin sanyi da jakar magani, wani lokacin da mai saniyar da ya zo kiransa a goye, sai ka ga nauyin duk ya koma sama. Motocin da ƴan kabu-kabu ke aiki da su, irin su Boxer da Kasea da Haojue, sun fi shi ƙasa. Wannan ƴar tazarar ita ke raba wanda ya dogara ya wuce da wanda ya kwanta.

Kada ka yarda da idonka a wurin mai sayarwa. Hau ka zauna, ka sa wani ya hau bayanka, ka ga ko tafin ƙafarka na zama daram. Sannan ka roƙa a bar ka ka kwantar da shi a hankali ka tayar. In mai sayarwa ya yi dariya, bar shi ya yi; ba shi zai kasance tare da kai a daji ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a taro: ai ƙasarmu rairayi ce, ƙaramin moto ba ya iya ta. Akwai gaskiya a ciki kuma ba zan ɓoye ta ba. Wanda aikinsa ya kai shi jigawa arewa da kwalta kullum, ko yake bin garke nesa cikin damina, zai fi jin daɗin babbar tayar gaba da doguwar ƙafa. A cikin laka ta fadamar Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Gidan Runji, taya mai haƙora tana kama ƙasa inda mai santsi ke zamewa. Kuma akwai motocin da aka ƙera musamman don masu kiwo: Yamaha AG, wanda aka yi domin makiyayan Ostareliya da Niyuzilan, yana da sarƙa a rufe, da ƙarfen kare hannu, da mazaunin kaya gaba da baya, kuma bai kai sauran tsayi ba. In da ana samun kayan gyaransa a kowace kasuwa, kuma kuɗinsa bai ninka na sauran ba, da shi zan ce a saya.

Amma ku dubi hanyoyin ƙauyukanmu ranar kasuwa ku gaya mini wane moto ke bin su. Ɗan kabu-kabu ne a kan Boxer ko Kasea, da mutum biyu a baya da buhun gero da akuya a ɗaure, yana keta rairayin da ma'aikaci mai dogon moto ke sauka ya tura. Ba injin ne ke ratsa rairayi ba, hannu ne. Ana shiga da giya ta biyu, a riƙe totur ba tare da an sake ba, a ja jiki baya kaɗan, a sassauta riƙon kai a bar tayar gaba ta nemi hanyarta, ido kuma can gaba inda ake son zuwa. In ana son tsayawa, birkin baya a hankali. Wasu suna rage iskar taya kaɗan kafin su shiga rairayi mai zurfi. Yana taimakawa, amma in ka rage da yawa ko ka manta ka hau kwalta haka, tib zai tsage a bakin bawul. Duk wannan ana koyonsa ne da faɗuwa, kuma gara ka faɗi daga kan abin da ke kusa da ƙasa. In kuma lakar damina ce damuwarka, sauya tayar baya da mai haƙora ya fi sauya moto arha nesa ba kusa ba.

Sai maganar gyara, wadda ita ce ta fi cin mutanenmu. Ku tuna motocin furoje nawa kuka gani jingine a bayan ofis ko a zauren wani, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Yawancinsu ba mutuwa suka yi ba. Ƙaramin abu ne ya lalace, aka nema a Agiye babu, aka aika Maraɗi babu, aka ce sai Yamai ko Kano, kuɗin kuma ya kai na tunkiya. Furoje ya ƙare, ba mai biya. Daga Agiye zuwa Maraɗi ya fi kilomita 70, daga Gidan Runji ya fi 50. In kowane ƙusa sai ka je can, to kuɗin mota da yinin da ka rasa su ma ka sa su cikin farashin moton. Shi kuwa moton kabu-kabu, wayar kuloci, buji, sarƙa, takalmin birki, duk suna rataye a rumfar bakanike a kasuwar da ka fi kusa da ita. Kafin ka je wurin mai sayarwa, je wurin bakaniken garinku ka tambaye shi wane moto ne yake da kayansa a rumfa yau. Ba wanda zai iya nemo maka ba. Wanda yake da su.

Ga wani abu da sabon hannu ba ya sani. Tsofaffin dogayen motocin da ake sayarwa na hannu, irin Yamaha DT 125, injinsu mai bugu biyu ne. Yana ƙona baƙin mai na musamman tare da esansi, shi ya sa kake ganin shuɗin hayaƙi a bayansa. In man nan ya ƙare ba ka lura ba, ko famfonsa ya daina aiki, injin zai kama a tsakiyar hanya. Kuma ya fi mai bugu huɗu shan esansi. Da can wannan ba ya damun kowa a nan, lokacin da man Najeriya ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa da arha, ana sayar da shi cikin kwalabe a kowace kwana. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan biyar na 2023 wannan zamanin ya wuce. Ko da gwamnati ta rage kuɗin lita zuwa 499 a gidajen mai cikin 2024, wato dala ɗari ba kaɗan, mai kwalba a ƙauye ba haka yake sayarwa ba, kuma mataimakin likita da ke samun ɗan abin da yake samu a kan kowace allura ya san kowace lita daga bakin ƴaƴansa take fita.

Ɗan wan nawa ya ce ai na hannun da ya gani yana da arha. Na ce masa moton furoje na hannu mutum goma ne suka hau shi, kuma ba ko ɗaya cikinsu da ya saya da kuɗinsa. In dole sai na hannu, ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. Ku iske injin da sanyinsa, kada a ɗumama muku shi kafin ku zo. Ku dubi haƙoran da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini kamar ƙayar aduwa an ci moton. Sannan ku gwada lambar da ke jikin ƙarfen da wadda ke cikin takarda, harafi da harafi.

Maganar takarda ba wasa ba ce a wannan yanki namu, kuma a nan zan yi magana a fili. Tun 2019, da ƴan gudun hijira suka fara kwararowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙauyukan Gidan Runji, kowa ya san abin da ke faruwa a bakin iyaka: satar shanu, satar mutane, kuma a kan moto ɓarayin ke zuwa. A Diffa an hana hawan moto cikin 2015, a sassan Tillaberi a farkon 2020, duk saboda irin wannan. Saurayi ɗan makiyaya da rawani, a kan moto mai gudu, ba takardar duwan, ba lamba, da almuru a hanyar daji, ya sa kansa cikin zargin da bai ji ba bai gani ba. Ba adalci ba ne a yi masa kallon nan, amma ana yi. Moton da aka ce maka yana da arha don “ba shi da takarda” mai yiwuwa ne an ƙwace shi ne daga hannun wani, kuma ranar da aka gane shi kai za a kama. Ka biya kuɗin duwan, ka yi takardar mallaka da lamba da inshora, ka riƙe takardar shaida daga ƙungiyarku ko daga likitan da kake aiki ƙarƙashinsa. Wani amfanin moton gama-gari ke nan: ba ya jan ido, na ɓarawo ko na mai tsaro.

To in an haɗa wannan duka, kuɗin bijimin nan bai kamata ya ƙare a wurin mai sayarwa ba. Abin da na ce wa yaron shi ne ya ware kashi ɗaya cikin huɗu ya ajiye kafin ya fara ciniki. Daga ciki za a yi takardu. Daga ciki za a sayi hular kwano ta ƙwarai mai rufe haɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin ɗari, rawani kuwa ƙura kawai yake tarewa. Takalmi mai rufe idon sawu, ba silifa ba, wannan ƙaurina ne ke ba da shaida. Famfo da kayan faci, don ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su san kana sauri ba. Sai maƙeri ya yi maka mazaunin akwatin sanyi, a ƙasa-ƙasa, nesa da salansa, da abin ɗaure murfi. Ragowar ta juyen baƙin mai ce, musamman na farko, wanda ake yi da wuri lokacin da injin ke sabo. Da hunturu kuma matatar iska tana son wanki a kai a kai. Ƙurar da ta wuce ta cikin injin take shiga ta riƙa goge shi.

Ga ƴan uwanmu mata da ke yi wa kaji da jajayen awaki allura a cikin gari da ƙauyukan kusa, ƙaramin nan da ake kira roba-roba ya wadatar. Ba shi da kulocin hannu, ana hawansa da zane ba wahala, ba shi da nauyi. Cikinsa na kusa da ƙasa, don haka ba na gulbi ba ne, amma aikin kaji ai gida-gida ne.

Ƙungiyoyi kuma ina da magana ɗaya da ku. Na ga inda aka tara kuɗi aka sayi babban moto don a ce ƙungiya kaza ta yi moto, aka yi walima, bayan wata shida kowa ya hau, ba wanda ya juye mai. Shugaba ya je biki da shi, ɗan ma'aji ya koyi tuƙi a kansa, ranar da saniyar wani ta kwanta aka iske ba esansi, birki kuma ya tafi. Kafin a sayi komai a zauna a rubuta sunan mutum ɗaya da zai hau, da abin da za a riƙa cirewa daga kowace fita a jefa a asusun gyara, da wanda zai riƙe asusun, wanda ba shi ne mai hawan ba. In kuɗin ƙungiya ya isa dogon moto guda, ni a ganina gara a sayi ƙanana biyu a ba mataimaka biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Duniya ta sa wa kanta 2030 don kawar da PPR. Abin da zai kai mu can shi ne yawan garkunan da allura ta iske da sanyinta, kuma moto biyu sun fi guda isa wurare ko da gudan ya fi su kyau.

Yaron bai ji daɗin maganata ba. Ya ce abokansa za su ce ya sayi moton kabu-kabu. Na ce su ce. Mun yi yarjejeniya: zai yi shekara biyu a kan ƙarami, in ya ratsa damina biyu bai fasa kwalba ko ɗaya ba, ni da kaina zan raka shi neman dogon, kuma a lokacin zai san abin da yake nema, zai kuma sami mai sayen tsohon cikin yini guda, don irinsa ba ya kwantai. Mun je Maraɗi ranar Lahadin, muka dawo da mai cc 100, da hula, da rasit na duwan. Sati biyu na hana shi ɗaukar kowa ko komai. Kullum da safe yana zuwa filin bayan gari yana koyon tashi da tsayawa, daga nan na kai shi bakin rairayi na ɗaura masa jarka mai lita 20 cike da ruwa a baya, a madadin akwatin magani. Ya zuwa jiya ya zubar da ita sau huɗu.